Mutumin da Ya San Ƙarfe Nawa Ne a Sidni

Ƙarfe bakwai saura kwata Abu Gassan yake ɗaga ƙofar shagonsa, a lungun da ke gangarowa daga kasuwar masu zinariya a Tarabulus ta Lebanon. Kada ka gaishe shi a lokacin, domin iyakar abin da za ka samu ɗaga hannu ne. Juya wa titi baya yake yi ya fuskanci bango, inda agogo tara suke rataye, kowanne da 'yar takarda manne a ƙarƙashinsa: Sidni, Montreal, Abijan, Kano, Kuwait, da sauran garuruwan da suka kwashe mana 'ya'ya. Yakan wana su ɗaya bayan ɗaya, kuma da Sidni yake farawa, wai su suka riga kowa tashi, bai kamata a bar su suna jira ba. Sai ya gama da na ƙarshe sannan ya juyo ya karɓi gahawarsa daga hannun Fawwaz mai gahawa, wanda ya shekara talatin da ɗoriya yana wannan tsayuwa da buta a hannu yana mita.

"Mu'allim, gahawa ta huce."

"Ina ta huce? A Montreal ko ɗora ta ba a yi ba."

Sunansa na yanka Wajih Tabbal, amma ko matarsa sai ta yi tunani kafin ta tuna. Shekara hamsin da ɗaya ke nan yana gyaran agogo a wannan shago, wanda idan mutum uku suka zo sai ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa. Ƙarshen watan nan zai rufe. Hannun ya fara rawa, ya ce ba zai jira ranar da zai ɓata agogon wani ba. Ba a taɓa ba shi lambar yabo ba, ba a taɓa sa hotonsa a ko'ina ba, kuma na san idan aka karanta masa wannan rubutu cewa zai yi na ɓata takarda.

Ni ɗan lungun ne, kuma abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne yadda mutumin da bai taɓa wuce Beirut ba ya fi matuƙin jirgi sanin ƙarfe nawa ne a bayan duniya. Yanzu wayar hannu tana faɗa wa kowa, amma shi tun babu ita yake da sanin. Da na matsa masa da tambaya, sai ya nuna mini tsohuwar rediyo a ƙarƙashin tebur, wadda yake kama tashoshin nesa da ita da safe ya ji sun buga awa. Sannan akwai wata doka da ya kafa, ba a san ranar da aka amince da ita ba. Duk ɗan unguwa da ya dawo daga waje, ba ya taɓa agogon hannunsa sai ya biyo ta shagon. Direbobin da ke ɗauko mutane daga filin jirgi ma sun sani, su suke tuna wa fasinja: "Kada ka gyara, Abu Gassan bai gani ba." Mutum zai shigo da gajiya da jakunkuna, ya miƙa hannu, Abu Gassan ya duba agogon ya duba bango, ya gyaɗa kai, sannan ya ce barka da zuwa.

A wajen sayar da agogo kuwa nan halinsa yake fitowa sosai. A garin da kusan kowane gida yana da wani a waje, agogo mai lokaci biyu ba kayan ado ba ne. Iri uku yake ajiyewa. Akwai mai fuska biyu, ƙananan agogo biyu a jiki ɗaya, ɗaya na nan ɗaya na can. Akwai mai zobe a gefe da sunayen garuruwa ashirin da huɗu a rubuce. Akwai kuma mai ƙarin jan tsinke, wanda yake zagaye fuskar sau ɗaya tak a yini da dare. Amma ko nawa ka zo da shi, ba zai buɗe akwatin gilashin ba sai ka amsa masa tambaya ɗaya: "Wa ke gare ka a waje?"

Tsohuwar da idonta ya yi rauni, mai fuska biyu yake ba ta, ya kuma gargaɗe ta cewa wannan ba ya bambanta ukun rana da ukun dare, kada ta tashi jikokinta daga barci ta ce shi ya sa ta. Ɗan kasuwa mai abokan hulɗa a ƙasa biyar, mai garuruwa yake ba shi. In an gama ciniki sai ya buɗe murfin baya, ya ɗauki allura ya rubuta a ciki da ƙananan baƙaƙe: "Montreal, 'yarta," ko "Abijan, mijinta." Da wannan rubutun yake gane kowane agogo in ya dawo. Kuma duk sanda wata ƙasa ta tura agogonta gaba ko ta ja shi baya, sai ka gan shi da 'yar jaka yana hawa benaye gida gida, yana gyara wa tsofaffi tsinken 'ya'yansu. Abin da yake karɓa a wannan zagaye gahawa ce kawai, shi ya sa ranar yake dawowa idonsa tar.

Labarin da nake so in ba ku ya faru ne bayan an fita daga yaƙin basasar ƙasarmu, lokacin da mai son kiran waje sai ya je gidan waya ya bi layi. Fawwaz yana wurin daga farko har ƙarshe, sauran kuma daga bakin masu abin na ji.

Hajji Burhan mai sabulu yana da ɗa namiji guda, Mazin. Mazin ya ƙi gadon tukunyar sabulun da kakanninsa suka bari, ya tafi Sidni ba da yardar ubansa ba. Hajji kuwa ya tsaya a gidan gahawa, a gaban jama'a, ya ce shi ba shi da ɗa a Sidni. Shekara shida ba mai ambaton sunan yaron a gabansa, har matarsa Sitt Wafika. Sai a watan Agusta na shekara ta shida ƙanwarta ta zo hutun bazara daga can da 'yar takarda. Lambar waya ce a sama, a ƙasa kuma Mazin ya rubuta cewa kowace Lahadi ta watan Nuwamba, ƙarfe shida na yamma agogon Sidni, zai tsaya kusa da wayar shagon wani ɗan garinmu har shida da rabi, lokacin da ake rufe shagon. Idan Baba ya yafe, ya kira. Idan watan ya ƙare bai ji shi ba, ya fahimta, zai tafi aikin haƙar ma'adinai can cikin daji, ba zai ƙara damun kowa ba.

Hajji ya yar da takardar a ƙasa. Sitt Wafika ta tsince ta ta sa a ƙarƙashin tulun zaitun, ta kuma tabbatar ya ga inda ta sa.

Lahadin farko ta Nuwamba Hajji ya sa rigarsa ta Juma'a ya ce zai je duba man zaitun. Gidan waya ya nufa. Lissafin bai ba shi wuya ba, domin duk Tarabulus ta san tsakaninmu da Sidni awa bakwai ne. A ina muka sani? A bakin 'yan Sidni, waɗanda ba sa zuwa sai da bazara, su zauna a tsakar gida suna cin kankana suna cewa yanzu a can ƙarfe kaza ne. Bakwai muka ji, bakwai muka haddace, ba wanda ya taɓa tambayar ko da sanyi ma haka ne. Shida a cire bakwai, sha ɗaya na safe. Ƙarfe sha ɗaya Hajji ya shiga ɗakin waya, ta yi ta ƙara har ta gaji, ba a ɗauka ba.

Ya yi zargin lissafin. Ya kuma san wanda ya fi kowa sani, amma ya san tambayar da za a yi masa a can, shi kuwa ya riga ya faɗi amsarta a gaban jama'a. Don haka ya tsallake Abu Gassan ya tafi wani babban shago a sababbin tituna, inda ba a tambayar kowa komai. Aka sayar masa da agogo mai garuruwa, mai tsada, mai ƙyalli. Mai shagon ya juya zoben ya nuna masa ƙarara: awa takwas. Hajji ya ji sanyi a ransa, ya ce ashe nan gizo yake saƙa. Lahadi ta biyu ya kira ƙarfe goma, shiru. Ta uku ya sake kira ƙarfe goma, shiru. Ya koma gida bai taɓa abinci ba, ya ce wa matarsa, "Ɗanki ya mayar da ni abin wasa. Sau uku ina tsayawa a layi kamar mai neman aiki."

Sitt Wafika ba ta yi musu ba sai ranar Asabar da safe, ana gobe Lahadin ƙarshe. Ta ajiye masa takalmansa a gabansa ta ce, "Ko ka je wurin Abu Gassan, ko ni in je in faɗa masa komai, har da rigar Juma'a."

Wajen ƙarfe goma da kwata ya shigo shagon. Ya cire agogon ya dangwarar a kan tebur.

"Mu'allim, wannan abin ƙarya yake yi."

Abu Gassan ya maƙala ɗan gilashinsa a ido, ya buɗe, ya duba, ya kara a kunne. "Lafiyarsa ƙalau, Hajji. Ko daƙiƙa bai ɓata ba."

"Na ce maka ƙarya yake yi."

"To, ƙaryar wane gari? Ashirin da huɗu ne a jikinsa."

Abu Gassan ya rufe murfin a hankali, ya ce idan wannan bai yi masa ba akwai wasu, sannan ya yi tambayar da yake yi wa kowa. "Wa ke gare ka a waje?"

"Ba kowa."

"Wanda ba shi da kowa ai agogon hasumiyar tsakiyar gari ya ishe shi. Kyauta ma yake."

Fawwaz, da ba ya iya riƙe bakinsa, ya leƙo daga ƙofa. "Hajji, ko amarya aka yi a Landan ba a gayyace mu ba?"

Kallon da Hajji ya yi masa, in ji Fawwaz, har yau yana jin sa a bayan wuya. Ya suri agogonsa ya juya zai fita. Ya kai bakin ƙofa ya tsaya, ya ba su baya. A nan ne Abu Gassan ya karya dokarsa, karo ɗaya a iya sanina. Ya buɗe akwatin gilashin ba tare da an amsa masa ba, ya fito da agogo ya jera, yana magana kamar da kansa yake.

"Mai fuska biyu na tsofaffin mata ne, masu son su ga lokacin kawai su yi addu'a. Irin wanda ke hannunka na mai mutane da yawa ne a ƙasa da yawa. Ya san kowa sama sama, bai san halin kowa ba. An rubuta garuruwan a ƙarfe, su kuwa gwamnatoci ba sa shawara da ƙarfe in za su taɓa agogo." Ya ɗaga na uku, mai jan tsinke, marar ƙyalli. "Wannan kuwa ba ya iya riƙe mutum biyu. Ɗaya yake bi, dare da rana. Ya san sanda ya tashi, ya san sanda ya kwanta. Na mai mutum ɗaya ne."

Agogon bango tara suna ta bugawa. Hajji bai juyo ba, amma an ji muryarsa ƙasa ƙasa.

"Ɗaya ne."

"A ina?"

"Kai ma ka sani."

"Ni na sani. Agogon ne bai sani ba."

"Sidni."

Abu Gassan ya nuna bango da haɓa. Agogon Tarabulus yana goma da minti ashirin. Na Sidni yana bakwai da minti ashirin. Hajji ya ƙirga da yatsu, ya sake ƙirgawa.

"Tara?"

"Tara."

"Duk garin nan sun ce bakwai! Wannan kuma ya ce takwas!"

"Bakwai gaskiya ce, da bazara. Takwas ma gaskiya ce, na 'yan kwanaki. Amma sanyinmu zafinsu ne, Hajji. Sanda muka ja namu baya, su sun tura nasu gaba. Awa ɗaya daga nan, awa ɗaya daga can, ga tara."

Hajji ya lalubi kujera ya zauna. Ya gane cewa ranar da ya kira sha ɗaya, shagon ya yi awa ɗaya da rabi a rufe. Ranakun da ya kira goma kuwa, rabin awa kacal. Ya ce, "Rabin awa," ya sake cewa, "Rabin awa." Sannan ya ɗago. "Ke nan yana tsaye a wurin? Duk Lahadin nan uku?"

"Ban san wa yake tsaye ba, Hajji. Ba ka faɗa mini ba."

Sai ga takardar ta fito daga aljihun riga, ta yi laushi don yawan buɗewa, tana warin zaitun. Abu Gassan ya karanta sau ɗaya ya mayar masa.

"Gobe ƙarfe tara na safe."

"In kai ma ka yi kuskure fa? Ba ni da wata Lahadin."

"Ran Talata wata mata ta sauka daga Sidni, na ga agogonta kafin ta taɓa shi. Yau da safe na ji rediyonsu ta buga awa. In na yi kuskure, ka zo ka farfasa duk na bangon nan, ni zan riƙe maka tsani."

Ya saita jan tsinken a kan lokacin Sidni. Da ya ga Hajji yana ƙyafta ido a kan ƙananan lambobin, sai ya ɗauko kwalbar jan farce da yake ajiyewa don irin wannan, ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan sha takwas, wato shida na yamma. Ya ce, "Ka manta da lissafi. In jan tsinke ya hau jan ɗigo, ɗaga waya." Sannan ya buɗe murfin baya ya ɗauki allura. Hajji ya tambaye shi me yake rubutawa, ya ce sirrin sana'a ne.

Washegari Fawwaz ya zo da butarsa bakwai saura kwata ya tarar da shago a rufe, abin da bai taɓa gani ba. Ya bi sawu har gidan waya. Can ya iske Abu Gassan a tsaye a gaban layi, tun kafin a buɗe ya zo, domin ya tuna abin da Hajji ya manta: ran Lahadi da safe layin gidan waya yana kaiwa har titi, wanda ya zo tara saura kwata ba zai shiga ɗaki ba sai goma ta gota. Duk wanda ya zo bayansa sai ya ce masa wuce, wuce, yana riƙe da wurin. Da Hajji ya iso cikin rigar Juma'a, Abu Gassan ya matsa gefe kawai. Ranar agogon Montreal ya tsaya don ba a wana shi ba.

Jan tsinke ya hau jan ɗigo. Wayar ta yi ƙara sau ɗaya aka ɗauka. Ƙofar ɗakin ba ta rufuwa sosai, don haka duk layin ya ji abin da Hajji Burhan ya fara ce wa ɗansa bayan shekara shida.

"Ƙarfe nawa ne a wurinku?"

Amsar Mazin kuwa, shi ya gaya mini ita daga baya. "Shida, Baba."

Hajji ya duba hannunsa. "Daidai," in ji shi. Kuɗin waya yana ta tafiya. Sannan ya ce, "Uwarka tana gaishe ka." Can ya ƙara da cewa, "Ni ma."

Fawwaz ya rantse gemun Hajji ya jiƙe sharkaf da ya fito. Hajji kuwa har ya koma ga Allah yana cewa zufa ce, a watan Nuwamba. Mazin bai tafi daji ba. Da bazarar da ta biyo ya zo gida, kuma bai taɓa agogonsa ba sai da ya biya ta shagon. Hajji ya ƙara shekara sha huɗu a duniya, duk sanda lokaci ya juya sai ya zo a gyara masa tsinke, alhali ya iya da kansa sarai.

Abu Gassan, kai ne ka riƙe mana lokacin waɗanda suka tafi. Kai ne ka gane cewa mai neman agogo mai lokaci biyu ba agogo ya zo saya ba, akwai wanda ya tsaya masa a rai, shi ya sa kake tambayar sunansa kafin ka tambayi aljihu. Da ka ga dama da ka ce wa Hajji "tara" ka sallame shi cikin minti ɗaya, kuma da ka yi gaskiya. Amma ka san mutumin da bai iya cewa "ɗaya ne" a shagonka ba, ba zai iya cewa "ni ma" a waya ba. Gwanin lungu, mai haƙurin allura, mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya hutar da hannun nan da ya gaji a kan hidimarmu. Ina jin zafin rufe shagon nan ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Ku kuma masu sana'a, ko wace iri ce, ba na ce ku rataye agogo tara a bango ba. Amma kafin ku miƙa wa mutum mafi tsada a cikin kayanku, ku tambaye shi me ya kawo shi, ku kuma tsaya ku ji amsar.

Makon jiya Mazin ya zo, da furfura a kansa, saboda ya ji labarin za a rufe shagon. Agogon ubansa ne a hannunsa, jan ɗigon ya koɗe amma yana nan. Yanzu lokacin Tarabulus jan tsinken yake bi, saboda Sitt Wafika tana raye, kuma ba ta yarda a tashe ta daga barcin rana. Ya roƙi a buɗe murfin baya, ya ce ubansa ya mutu bai san abin da aka rubuta ba. Aka buɗe. "Sidni, ɗansa."

Abu Gassan ya ɗauki allura. Hannun yana rawa, sai ya tallafe shi da ɗayan, ya ɗauki kusan rabin awa a kan kalma biyu. Baƙaƙen sun karkace, amma suna karantuwa: "Tarabulus, mahaifiyarsa." Ya rufe murfin ya miƙa masa, ya juya wajen ƙofa.

"Fawwaz, kawo gahawar. Yau kam ta huce."